Tsohon tabon tiyata a ciki: shin zai hana a cire sankarar ƙoda ta ƙananan huji?

A da, idan za a cire ƙodar da ta kamu da sankara, sai an yi doguwar yanka a kwiɓi. A 1990 ne Dakta Ralph Clayman da abokan aikinsa a birnin St. Louis na Amurka suka fara cire ƙoda ta ƙananan huji. Ana hura iskar kabon dayoksaid a cikin mutum don a samu sarari, sannan a zura kyamara da siraran kayan aiki. Jinin da ake zubarwa kaɗan ne, zafi da sauƙi, kuma majiyyaci kan koma gida da wuri.

To ina matsalar? Mafi yawan waɗanda aka taɓa buɗe wa ciki, ko don haihuwa, ko afendis, ko taifod ta huda hanji, jikinsu kan yi wasu zaruruwan tabo daga ciki yayin warkewa. Zaruruwan nan kan manne hanji da bangon ciki. Idan likita ya soka kayan aiki bai ga abin da ke ƙasa ba, yana iya huda hanjin.

Amma ƙoda ba ta zaune tare da hanji. Tana can baya, a bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Saboda haka likita na iya shiga ta kwiɓi, ƙasan haƙarƙari, bai bi ta inda tabon yake ba. Dakta Gaur na Mumbai a Indiya ne ya sauƙaƙa hanyar nan a 1992, inda ya riƙa hura balan-balan a wurin don buɗe sarari. Illarta ita ce wurin matsattse ne, sai ƙwararren hannu.

Idan kuma dole a bi ta gaba, ana yin hujin farko nesa da tsohon tabo, ko a buɗe shi a hankali ido na gani, sannan a warware mannewar. Aikin kan ɗan ƙara tsawo, wani lokaci ma a koma babbar yanka don kare lafiyar majiyyaci. In ƙarin bai wuce santimita 7 ba, sau da yawa shi kaɗai ake yankewa a bar sauran ƙodar.

Don haka idan an gano maka ƙari a ƙoda, ka faɗa wa likita duk tiyatar da aka taɓa yi maka, ko ta shekara talatin ce, kuma ka tafi da takardunka. Da su, da hoton siti sikan, zai zaɓi hanyar shiga.