Kogin Kubanni da Cibiyoyin Binciken da Ke Bakinsa

Da wuya a sami gari a Arewa da ya tara cibiyoyin bincike kamar Samaru ta Zariya da kewayenta. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan tun 1922, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello. A Shika akwai ta dabbobi, a Basawa akwai ta sinadarai da ake kira NARICT, ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi wadda ƙaramar na'urarta ta nukiliya ta fara aiki a 2004. Ta tsakaninsu kogin Kubanni ya ratsa. Ya taso daga wajen Shika, ya shiga harabar jami'a inda aka datse shi a shekarun 1970 don ruwan sha, ya bi ta tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, sannan ya faɗa kogin Galma. A ganina masana sun wadata a Zariya. Abin da kogin yake nema shi ne waɗannan cibiyoyi su yarda da wuraren awo guda da hanyar awo guda, su riƙa zuba sakamako a kundi guda, shekara bayan shekara.

Dalilin yana cikin halin kogi kansa. Samaru tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa daga Mayu zuwa Oktoba. Idan aka yi mamako a watan Agusta, ruwan yakan kwashi ƙasar gonakin da aka share, ya haɗo da takin zamani da maganin feshi, ya wanko kwatocin Samaru da bolarsu, cikin 'yan awoyi ya juye duka a madatsa ya yi jawur. Yawancin lakar da kogi ke ɗauka a shekara a irin waɗannan awoyi take tafiya. Ɗalibin da ya je da kwalba ranar da gari ya washe, ya ɗebi ruwan da ya riga ya kwanta, bai ga ko kusa da abin da ya wuce da daddare ba. Kafin a fahimci mamako ɗaya tak, sai an haɗa mai ma'aunin ruwan sama, da injiniyan da ya san yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, da masanin ƙasa, da mai gwajin sinadarai, da likitan da ke ganin masu gudawa da tsargiya. Babu cibiyar da ta mallaki waɗannan duka.

Ba a ce ba a yi aiki ba. An rubuta kundayen digiri masu yawa a kan Kubanni da Galma, masana labarin ƙasa na jami'ar sun auna sun tabbatar laka tana cinye zurfin madatsar, wasu sun bi sawun dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan da ake ba latas da kabeji a lambunan bakin kogi. Ɗalibai kuma sukan kai samfurinsu Basawa ko cibiyar makamashi, inda na'urar nukiliyar ke iya gano ɗan mitsitsin ƙarfe a cikin laka. Sai dai yawancin wannan haɗin kai na sanayya ne, malami ya san malami, ɗalibi ya gama ya tafi. Wannan ya ɗebi ruwa a gada da rani, wancan a bakin madatsa da damina, kowa da irin gwajinsa, don haka sakamakon ba ya jeruwa balle a gane ko kogin gyaruwa yake ko lalacewa. Kamar majinyaci ne da ke yawo asibiti-asibiti, ko'ina a buɗe masa sabon kati: gwaji ya yi yawa, tarihin ciwon ya ɓace.

Mun ga abin da rarrabuwar sani ta jawo a maƙwabta. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don noman rani da ruwan shan Kano, amma can ƙasa a fadamar Haɗeja da Nguru yanayin ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da shi ya sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Sai daga baya, da ɓarna ta bayyana, aka zauna ana lissafin ruwan kwarin gaba ɗaya, jihohi shida suka kafa asusun haɗin gwiwa a 2006. A Turai ma, gobarar rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel a 1986 ce ta kashe kifin kogin Rhine, ta sa ƙasashen da ke bakinsa suka ƙara ɗaure aikin sa ido da gargaɗi na bai ɗaya. Zariya tana da damar farawa kafin irin wannan rana.

Za a ce ina kuɗin? Tambaya ce mai nauyi, domin kowa ya san yadda ɗakunan gwaje-gwaje ke fama da rashin wuta da tsadar kayan aiki. Amma tushen ilimin kogi ba shi da tsada. Sanda ce mai lambobi a kafe a jikin gada, da mutum amintacce mai duba ta safe da yamma ya rubuta a littafi, da kwalbar ruwa da za a ɗiba a wuri ɗaya a rana ɗaya kowane wata. Abin da ke cin kuɗi shi ne na'urorin gwaji, su kuwa an riga an saye su, suna Samaru da Basawa. Asarar gaskiya ita ce kowace cibiya ta nace sai ta mallaki tata alhali ta maƙwabciya tana zaune.

Uzuri na biyu ya fi wuyar amsawa, kuma ba a cika faɗinsa a fili ba. Ƙarin girman malamin jami'a ya rataya ne a kan maƙalun da ya wallafa, don haka wanda ya sha rana da sauro ya tara alƙaluma yana tsoron wani ya kwashe ya riga shi bugawa. Wannan tsoro yana da tushe, wa'azi kuma ba zai kawar da shi ba. Ƙa'ida rubutacciya ce maganinsa: a ba mai awo wa'adin shekara ɗaya ko biyu ya fara wallafa nasa, bayan nan alƙaluman su shiga kundin kowa da sunansa a kai, kwamitin ƙarin girma kuma ya lissafa tattara su a matsayin aiki. Hukumar jami'a tana da ikon yin wannan ba tare da jiran Abuja ba.

Wasu kuma za su ce Kubanni ƙarami ne, a bar wa hukumomin tarayya manyan koguna. To, Galma a kogin Kaduna yake zuba, Kaduna ya cika madatsar Shiroro mai ba da lantarki, ya wuce ya haɗu da Neja. Hukumar NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, da Hukumar Kogin Neja ta ƙasashe tara mai hedkwata a Yamai, ingancin hasashensu ya dogara da awon da ake yi a ƙananan rassa irin waɗannan. Ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600, sun nuna tsadar rashin sani a kan lokaci. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, wadda aikinta ne horar da masu awon ruwa, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga Samaru. Ita za ta tsara hanyar awo, jami'a ta riƙe kundin, cibiyar makamashi da NARICT su ɗauki gwaji. Cibiyar NAERLS kuma, da ta daɗe tana magana da manoma da Hausa ta rediyo, ta kai sakamakon ga mai lambu a Sabon Gari, ya san watan da ruwan da yake ja da injinsa ya fi ƙazanta da kuma irin shukar da ta fi aminci a lokacin.