Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Kwamfutar Masana'anta Cikin Sabuwa

A masana'antun fata na Challawa da sauran kamfanonin Sharada da Bompai, inda ƙurar hunturu da yawan ɗauke wuta ke rage wa na'urori kwana, tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya kan zama abin fargaba, musamman mai aiki da Windows XP, wanda Microsoft ta daina kula da shi a 2014. Mafita ita ce a kwafe faifan ajiyarta kacokan zuwa fayil guda da manhaja irin Disk2vhd, sannan a tayar da shi a matsayin kwamfutar manhaja, wato wadda ba ta da gangar jiki, tana zaune cikin sabuwar kwamfuta ta hanyar VirtualBox ko Hyper-V.

Inda gizo ke saƙa shi ne tashin farko, domin tsarin Windows ɗin ya saba da kayan tsohuwar na'ura, idan bai gane sabon mai sarrafa faifai ba sai ya cije. Haka kuma lasisin Windows da aka sayo tare da na'ura bai halatta a kai shi wata ba. Bai kamata a taɓa tsohuwar kwamfutar ba sai an tabbatar kwafin yana aiki ba tangarɗa.