Sabon inji a tsohuwar akori-kura: yadda wayarka za ta nuna inda ƙarfen giyabos zai zauna

Masu kallon bidiyon gyaran motoci a YouTube ko TikTok sun saba ganin wannan aiki: a samo tsohuwar akori-kura ƙirar Chevrolet C10 da ta shekara hamsin, a cire injinta, a dasa na zamani, a tayar, kowa ya yi tafi. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne wani ƙarfe da ke gicciye a ƙarƙashin motar, daga wannan gefen shasi zuwa wancan, wanda wutsiyar giyabos ke zaune a kansa. Makanikai na kiran sa kurosmemba. Ba shi da waya, ba shi da sensa, amma idan aka ɗaure shi a inda bai dace ba, duk kuɗin da aka zuba a injin zai ƙare a mota mai karkarwa.

Me ya sa tsohon ƙarfen ba ya shiga?

Kamfanin General Motors ya ƙera C10 daga 1960 zuwa 1987, kuma a Amurka tana cikin motocin da aka fi sauya wa inji. Wanda aka fi dasa mata shi ne dangin LS, da ya fara fitowa a Corvette a 1997, sannan ya shiga Silverado a 1999. Mai lita 5.3 ya cika wuraren sayar da kayan tsofaffin motoci, shi ya sa ake samun sa da araha.

Sai dai inji ba ya zuwa shi kaɗai. Yawanci da giyabos ɗinsa ake ɗauko shi, 4L60E ko 4L80E, waɗanda kwamfuta ce ke sauya musu giya. Tsohon giyabos irin TH350 giya uku gare shi, kuma daga fuskar da yake haɗuwa da inji zuwa inda yake zama a kan kurosmemba inci 20 ne da 'yan kai. A 4L60E wurin zaman ya ja baya da inci 2 zuwa 3, a 4L80E kuwa da kusan inci 10. Ramukan da kamfani ya huda a shasi tun farko ba za su zo daidai ba.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: ka sabunta abu ɗaya, sai duk abin da ya dogara da shi ya nemi gyara. A nan ma haka ne. Giyabos ya sauya, kurosmemba zai matsa, tsawon farfela zai sauya, bututun salansa ma sai an nema masa hanya. Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Holley ke sayar da kurosmemba na musamman mai lanƙwasa biyu don bututun hayaƙi su wuce.

Batun kusurwa

Matsar da ƙarfen gaba ko baya shi ne mai sauƙi. Inda aikin yake shi ne tsayinsa, domin shi ke yanke yadda inji da giyabos za su karkata.

Farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksil na baya, tana da mahaɗi mai siffar gicciye a kowane ƙarshe. Irin wannan mahaɗi yana da wani hali: muddin yana aiki a karkace, ba ya juyawa da gudu ɗaya. Yana ƙara sauri ya rage, sau biyu a kowane zagaye. Dabarar injiniyoyi ita ce a sa mahaɗin baya ya soke abin da na gaba ya haifar, kuma hakan ba ya yiwuwa sai kusurwoyin biyu sun zo kusan ɗaya.

Ƙa'idar da ake bi ita ce kowane mahaɗi ya yi aiki tsakanin digiri 1 zuwa 3, kuma bambancin na gaba da na baya kada ya wuce digiri 1. Sifili ma ba a so, don ƙananan alluran da ke cikin mahaɗin suna buƙatar motsi kafin giris ya zagaya su. Akwai kuma ƙarin dalili: giya ta huɗu a 4L60E tana sa farfela juyawa fiye da injin kansa, abin da TH350 ba ya yi. Kuskuren da tsohon giyabos ya ɓoye, sabon zai tona shi a babban titi.

Inda waya ta shigo

Sensar da ke juya maka allo idan ka kwantar da waya, ita ce dai ke iya auna karkata. A iPhone akwai ma'aunin a cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai irinsa da yawa kyauta. Kamfanin giyabos na Tremec ma ya fitar da manhajar da ke karɓar awo uku ta yi maka lissafin. Ka zaɓi mai nuna ɓangaren digiri, domin rabin digiri a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda lissafin yake. A ce inji da giyabos sun sunkuya ta baya da digiri 3, farfela kuma ta gangara da digiri 5. Kusurwar mahaɗin gaba ita ce 5 a cire 3, saura 2. Idan bakin aksil ya ɗaga sama da digiri 3, wato yana layi ɗaya da karkatar inji, mahaɗin baya ma 2 ne. Aiki ya yi. Amma idan kurosmemba ya ɗaga wutsiyar giyabos har karkatar ta koma digiri 1, mahaɗin gaba zai haura 4, na baya kuma ba zai kamo shi ba. Daga nan sai jijjiga, sai mahaɗi ya cinye kafin lokacinsa. Wasu C10 ɗin farfelarsu gida biyu ce da boris a tsakiya, don haka mahaɗi uku za a auna.

Kafin ka yarda da lambar da waya ta ba ka:

- Cire rigar wayar, kuma ka aza ta ta gefen da babu maɓalli. Tudun kyamara kaɗai ya isa ya ɓata awo.
- Auna sau ɗaya, juya wayar gaba ta koma baya, sake aunawa. Idan lambobin sun bambanta, ɗauki tsakiyarsu.
- Nauyin motar ya kasance a kan tayoyinta. Idan aksil na reto a sama, awon banza ne.
- Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Tsarin aikin

A fara ɗaure inji a mazauninsa, a tallafe wutsiyar giyabos da jak, a tabbatar tana tsakiyar inda ya kamata. Sai a ɗaga ko a sauke har kusurwa ta yi daidai. Bayan nan ne za a kawo kurosmemba, a maƙale shi na wucin gadi, a duba ko salansa da fanon mai sun samu wuri, sannan a yi alama a huda. A ɗaure shi da ƙusoshi masu ƙwari maimakon walda, don ranar da giyabos zai sauko. In an samu ɗan bambanci, siraran faifan ƙarfe a ƙarƙashin robar da giyabos ke zama a kai za su gyara shi.

Wannan lissafi bai tsaya ga motocin Amurka ba. Duk motar da ke tura ƙarfi zuwa baya ta irin wannan farfela, har da tsofaffin Hilux da ake sauya wa inji a garejojinmu, doka ɗaya take bi. Idan bakanikenka ya ɗauko na'urar huda, tambaye shi digiri nawa ya samu. In bai auna ba, miƙa masa wayarka.