CIWON SUKARI: SAN AIKIN MAI HAƊA MAGANI

Uwargida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ciwon sukari yana bukatar likita, da malamar asibiti, da mai awon jini, da kuma mai haɗa magani, wato famasis.

WANE NE MAI HAƊA MAGANI?

Shi ne wanda ya yi karatun magunguna a jami'a, hukuma ta ba shi lasisi. Ba kowane mai kemis ba ne famasis, balle mai tallar magani a kasuwa.

A Ingila, tun shekarar 2006, famasis da ya yi ƙarin horo yana iya rubuta wa majiyyaci magani da kansa, ya ƙara ko ya rage, cikin shawara da likitoci. Wannan yana rage dogon jira. Nan ƙasarmu likita ne ke rubutawa. Famasis ya duba takardar, ya ba ki maganin, ya yi miki bayani. In ya ga abin gyara, sai ya tuntuɓi likita.

ABIN DA ZA KI GAYA MASA

1. Duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Maganin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" yana ɗaga sukarin jini.
2. In kina da ciki, ko kina shayarwa. Akwai magungunan sukari da na hawan jini da ake canzawa saboda ciki.
3. In za ki yi azumi. Zo tun kafin watan ya kama, a gyara miki lokacin shan magani.
4. In kuɗin maganin ya yi miki yawa. Faɗi, kada ki ji kunya. Sau da yawa akwai irinsa mai sauƙin kuɗi.

ABIN DA ZAI KOYA MIKI

Ƙwayar metformin: a sha tare da abinci, don kada ta dami ciki.

Ƙwayar glibenclamide da allurar insulin: kada a yi amfani da su a zauna da yunwa, sukari zai faɗi ƙasa.

Ajiyar insulin: a sa cikin firji, amma ban da wajen ƙanƙara. In babu firji, ajiye ta wuri mai sanyi a jikin randa, nesa da rana da murhu. Kwalbar da aka buɗe, yawanci kwana 28 ne iyakarta.

IN SUKARI YA FAƊI

Alamunsa su ne gumi, rawar jiki, jiri da yunwa mai tsanani. Maza a dama sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa a sha. In bai lafa ba bayan minti 15, a sake. Da an ji sauƙi, a ci abinci. In mutum ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A garzaya da shi asibiti.

KI TUNA

Kada ki bar magani don kin ji sauƙi. Ciwon yana nan, maganin ne ya danne shi. Barinsa yakan jawo makanta, ciwon ƙoda da gyambon ƙafa. Kada ki ari ƙwayar maƙwabciya ko ta kishiya, kowa da awonsa. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Mai ciki, nemi awon sukari tsakanin mako na 24 da na 28.

Ranar asibiti zo da katinki da sauran maganinki. Yi tambaya har ki gane, sannan ki bar tagar karɓar magani.