SUNAN INTANET HAYA NE, BA GADO BA

Duk wanda ya san kasuwar birnin Zariya ya san ka'idar rumfa. Mutum ya kan je a rubuta sunansa a littafi, ya biya kuɗi, a ba shi wuri. Muddin yana biya, rumfa tasa ce. In ya ƙyale, komai daɗewarsa a cikinta, wata rana sai ya iske wani ya shimfiɗa haja. To, jama'a, haka sha'anin sunayen intanet ya ke, kuma ya kamata akawuna da malaman makaranta su fahimce shi, domin yanzu ofisoshi da makarantu da yawa suna da irin wannan suna.

Asali dai kowace kwamfuta da ke kan intanet lamba gare ta. Da ya ke riƙe lambobi da ka yana da wuya, a shekarar 1983 wani masani a Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar da suna zai tsaya a madadin lamba. Ran 15 ga watan Maris 1985 aka yi rajistar suna na farko mai ƙarewa da .com. Kowace ƙasa kuma tana da nata harufa: Nijeriya .ng, Nijar kuwa .ne. Shi ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru ta ke amsa sunan abu.edu.ng.

Babbar hukumar da ke lura da tsarin duka ita ce ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998. Littafin .ng kuwa yana hannun NiRA, wadda aka kafa a 2005, ofishinta yana Ikko. Mai neman suna ya kan bi ta hannun dillalan da hukumar ta amince da su. Dillali zai duba littafi. In ba wanda ya riga, sai a rubuta sunan mai nema da adireshinsa, ya biya kuɗin shekara ɗaya ko fiye. Wa]ansu sunaye, kamar .gov.ng na gwamnati da .edu.ng na manyan makarantu, ba a ba kowa sai da takardun shaida.

Abin lura shi ne ba a sayar da suna har abada. Mai .com ba ya iya biyan fiye da shekara 10 gaba ɗaya. In wa'adi ya matso, tilas dillali ya aiko da tuni, misalin wata guda kafin ranar, sa'an nan kuma saura mako guda. In ba a biya ba, shafi ya kan rufe, wasiƙu su daina shigowa. Ga .com, akwai rangwamen da ba ya wuce kwana 45, sa'an nan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sa'an nan kwana 5 na jiran sharewa. Daga nan suna ya koma kasuwa, wanda ya riga shi ke da shi.

Kada a ce sai ƙanana ke wannan sakaci. A watan Disamba 1999 kamfanin Microsoft ya mance da sabunta passport.com, har masu wasiƙun Hotmail suka kasa shiga, sai wani mutum dabam ya biya dala 35 aka buɗe.

Haɗarinmu a nan gida ya fi wannan. Sau da yawa wani yaro mai sanin kwamfuta a ke sa wa ya yi wa makaranta rajista, shi kuwa sai ya sa nasa adireshi. In ya bar gari, can tunin zai bi shi. Suna ya faɗi, wani maras tsoron Allah ya ɗauka, ya riƙa karɓar kuɗin iyayen yara da sunan makarantar.

Saboda haka, ya kai akawu, ya kai malam, ka bincika yau: da sunan wa aka yi rajistar, ina tuni ke zuwa, yaushe wa'adi zai cika? Ka rubuta ranar a littafin ofis, ka sa kuɗin cikin kasafin shekara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane, amin.