CIWON SUKARI DA GIGIN TSUFA: ABIN LURA GA JAMA'AR OKO-OBA

Duk wanda ya san Agege ta birnin Ikko ya san Oko-Oba, inda babbar mayankar jihar take, inda fatake da dillalan shanu da mahauta 'yan Arewa ke sammako tun da assalatu. Karin kumallon da yawa daga cikinsu kuwa sananne ne, watau shayi mai kauri da sukari da burodin Agege, in rana ta take a kora da lemon kwalba. To, wannan al'ada ce likitoci ke jan kunne a kanta, domin takan share wa ciwon sukari hanya, shi kuwa ba ido da ƙoda da ƙafa kaɗai yake ci ba, har ƙwaƙwalwa yakan taɓa.

A wurinmu idan dattijo ya fara mance sunayen 'ya'yansa, ko ya ɓace hanyar masallacin unguwarsu, sai a ce gigin tsufa ne, wasu ma su ce sammu ne. Amma tun cikin 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya nuna cewa irin wannan mantuwa cuta ce mai barin alamu a cikin ƙwaƙwalwa. Cikin 1999 kuma wani bincike da aka yi kan dubban tsofaffi a Rotterdam ta ƙasar Holan ya nuna cewa haɗarin kamuwa da ita ya kusa ninka biyu ga masu ciwon sukari.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kuma sukari ne babban makamashinta. Idan ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru, ɓarna takan shigo ta ƙofa uku.

Ta farko, sukari yakan liƙe wa sinadaran gina jiki ya ƙandarar da su. Irin wannan haɗuwa ce ke sa bayan burodi ya yi ja a tanda, kamar yadda wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana cikin 1912, sai dai a jikin mutum a hankali take aukuwa. Ta biyu, ƙananan jijiyoyin jini sukan ƙuntata ko su toshe, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ya mutu ba tare da mai shi ya sani ba. Ta uku, ƙwayoyin halitta sukan daina jin umurnin insulin, murhun da ke ƙona sukari a cikinsu ya riƙa fid da wasu sinadarai masu kama da tartsatsi suna ƙona su kansu. Masana na ganin wannan yana taimaka wa wani datti mai suna amiloyid taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Mu ma a gida muna da shaida. Cikin 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiyana suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indianapolis. Sakamakon da suka buga cikin 2001 ya nuna cewa yawan kamuwa da cutar a Ibadan bai kai rabin na Amurka ba, kuma ciwon sukari da hawan jini ba su yi yawa a tsakanin na Ibadan kamar can ba. Ashe ke nan idan cimarmu ta koma irin tasu, akwai abin tsoro.

Ba kowane mai ciwon sukari ne zai yi gigi ba, amma rigakafi ya fi magani. Wanda ya haura shekara 40 ya kamata ya je a auna masa jini. Ga Babban Asibitin Orile-Agege nan kusa. A rage sukari da lemon kwalba, a yawaita ganye da wake da tafiya a ƙasa. Mai shan magani kuma kada ya yi wasa da lokacin cin abinci, domin faɗuwar sukari ma tana cutar da ƙwaƙwalwa, ya kuma nemi shawarar likita kafin azumi. Dattijon da mantuwa ta kama kuwa asibiti za a kai shi, a riƙe shi da haƙuri da mutunci. Allah ya sa mu gama lafiya, amin.