Aikin da ke bayan maɓallan wasannin Roblox

Maɓallan saye da ma'aunin kuɗi da yara ke dannawa a wasannin Roblox, mafi yawansu ba kamfanin ne ya zana su ba. Masu ƙirƙirar wasannin ne ke gina su a manhajar Roblox Studio, wadda ake saukewa kyauta. Dandalin, wanda David Baszucki da Erik Cassel suka kafa, ya fito a 2006, kuma ana rubuta umarninsa da harshen Luau, reshen Lua da aka ƙirƙira a Brazil a 1993.

Magini yakan fara da sanya ScreenGui cikin StarterGui, sannan ya jera akwatuna da maɓallai. Girman kowanne ana auna shi ne da kason allo, wato Scale, ko da ƙayyadadden adadin ɗigo, wato Offset. Wanda ya dogara da Offset a kwamfuta yakan tarar maɓallinsa ya mamaye allon waya.

Babban haɗarin yana wajen kuɗi. LocalScript, umarnin da ke motsa maɓalli, a na'urar ɗan wasa yake aiki, inda mai maguɗi ke iya sauya shi. Don haka ƙwararru ba sa barin maɓalli ya ba da kaya da kansa; buƙata yake aikawa ta RemoteEvent, sabar ta duba asusun ɗan wasa kafin ta amince. Ma'aikacin gwamnati ya san wannan tsari: mai nema ya rubuta takarda, amma sai sashen kuɗi ya tantance kafin a biya.